Tsarin Amurka, na Ingila ko na Faransa: Abin da Makarantun Ƙasa da Ƙasa na Abuja Suke Buƙata Daga Iyaye

Iyalin da Allah Ya hore wa halin sa yaro a ɗaya daga cikin makarantun ƙasa da ƙasa na Abuja yakan fara bincike da tambayoyi biyu: nawa ne kuɗin, kuma wace jarrabawa yaro zai rubuta a ƙarshe. Tambayoyin suna da muhimmanci, amma da wuya su zama abin da yake damun iyaye bayan an shiga. Abin da yake jawo da-na-sani tun a zangon farko shi ne al'amuran yau da kullum, wato ƙarfe nawa ake tashi, wa zai halarci taron da aka kira ranar Talata da hantsi, ina yaro zai yi sallar Azahar, yaushe zai samu zuwa Islamiyya, kuma idan iyaye suna da ƙorafi, wajen wa za su kai kukansu. A kan waɗannan ne ya kamata a auna tsare-tsare uku da suka fi fitowa fili a birnin: na Amurka, wanda American International School of Abuja da aka kafa a 1993, take kuma unguwar Durumi, ta fi wakilta, na Ingila, wanda makarantu da dama suke bi, irin su Regent da ke Maitama da Mabushi da Lead British da ke Gwarinpa, da kuma na Faransa, wanda makarantar Marcel Pagnol take gudanarwa a ƙarƙashin AEFE, hukumar da gwamnatin Faransa ta kafa a 1990 don kula da makarantunta na ƙetare.

Bambancin da ya fi girma a tsakaninsu, wanda kuma iyaye suka fi yin sakaci da shi, shi ne wa ya mallaki makarantar, domin daga nan ake gane iyakar ƙarfin muryar uba ko uwa. Makarantun Amurka na ƙetare da Ma'aikatar Harkokin Wajen ƙasar take tallafa wa galibi ba mallakar mutum ɗaya ba ne, kuma ba don riba aka kafa su ba. Kwamitin amintattu ne yake riƙe da su, wasu membobinsa iyaye ne suke zaɓarsu, wasu kuma naɗa su ake yi, sau da yawa har da wakilin jakada. Wannan kwamiti shi yake ɗaukar shugaban makaranta aiki, shi yake amincewa da kasafin kuɗi, shi kuma yake yanke ƙarin kuɗin makaranta. Ma'anar wannan ita ce uban da ya damu da gaske yana iya tsayawa takara, ya zauna a wurin da ake yanke hukunci, ya ga inda kowace dala take tafiya. Sai dai akwai iyaka da ake tsarewa sosai: ɗan kwamiti ba ya shiga harkar aji, ba ya umartar malami, kuma kujerarsa ba ta ba ɗansa wata alfarma. Wanda ya saba da cewa muƙami yana buɗe kowace hanya zai sha mamaki a nan, kuma a ganina wannan mamakin alheri ne ga yaran kowa.

Makarantun tsarin Ingila a Najeriya kuwa, mafi yawansu na masu zaman kansu ne, mutum ɗaya ko iyali ko kamfani ya kafa, kuma maganar ƙarshe tana hannun mai makaranta. Akwai ƙungiyar iyaye da malamai, wadda kowa ya sani da PTA, tana zama, tana tara gudummawa, tana shirya bukukuwa, wani lokaci tana sayen mota ko gyara filin wasa, amma shawara take bayarwa, ba ta da ikon hana ƙarin kuɗi ko sauya shugaba. Wannan ba aibi ba ne a kowane hali. Idan mai makarantar mutumin kirki ne mai kishin ilimi, abubuwa suna tafiya da sauri fiye da inda sai kwamiti ya zauna, kuma buƙatu irin na keɓe wurin salla ko sassauta lokacin tashi ranar Juma'a suna iya samun amincewa a zama ɗaya. Haɗarin shi ne komai ya rataya ga halin mutum guda, kuma ranar da ya sayar da makarantar ko magada suka karɓa, alkawuran baki suna tafiya tare da shi. Saboda haka duk abin da aka yi wa iyaye alkawari a irin wannan makaranta ya kamata su nemi ganinsa a rubuce cikin littafin dokokin makaranta. Yana da kyau kuma a tambaya ko wata ƙungiya ta waje, kamar COBIS ko CIS, ta tantance makarantar, domin rubuta sunan Birtaniya a allon ƙofa ba ya buƙatar izinin kowa a Ingila.

Tsarin Faransa ya bi wata hanya dabam, kuma shi ne ya fi tsara shigar iyaye a hukumance. A farkon kowace shekarar karatu iyaye suna zaɓar wakilansu, waɗanda suke zama a majalisar firamare da majalisar makaranta baki ɗaya. A sakandare kuma akwai majalisar aji da take zama a ƙarshen kowane zango, inda malaman ajin duka suke haɗuwa da wakilan iyaye biyu da wakilan ɗalibai biyu, a bi sakamakon yara ɗaya bayan ɗaya. Kujerar iyaye a nan haƙƙi ce da doka ta tanada, ba karamcin shugaba ba. Amma manhajar karatu daga ma'aikatar ilimi ta Faransa take zuwa, babu wakilin iyaye da zai taɓa ta, kuma dukkan zaman da Faransanci ake yin sa. Ga iyalin da ya fito daga Maraɗi ko Damagaram ko Yamai, ko Garwa da Ngaundere a Kamaru, wannan gida ne da suka sani. Ga ɗan Kano ko Sakkwato da bai taɓa karanta Faransanci ba, haƙƙin yana nan a takarda amma ba zai iya amfani da shi ba, har sakamakon ɗansa sai an fassara masa.

Idan aka dawo kan yadda rana take tafiya, dukkansu suna farawa da sassafe, kuma dukkansu suna da harkokin bayan tashi, irin su ƙwallo, ninƙaya, kiɗa, muhawara da koyon sarrafa kwamfuta, waɗanda suke iya riƙe yaro har bayan La'asar. Wannan shi ne wurin da ake karo da Islamiyya. Yaron da ya bar Durumi ko Maitama da ƙarfe huɗu zuwa Kubuwa ko Lugbe ko Gwarinpa, a cikin cunkoson yamma, zai iso gida a gajiye ga aikin gida yana jiransa, kuma karatun Alƙur'ani shi ne abu na farko da ake ɗagewa zuwa Asabar, daga nan a ɗage shi zuwa hutu. Iyalai da yawa suna ɗaukar malami ya riƙa zuwa gida, wasu suna mayar da hadda bayan sallar Asuba. Kowanne aka zaɓa, ya kamata a tsara shi tun kafin a biya kuɗin rajista, kuma nisan makaranta daga gida ya shiga lissafi da nauyi ɗaya da sunanta, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kai yara da ɗauko su sau biyu a rana ya zama kashe kuɗi na gaske.

Kalandar shekara ma ta bambanta. Tsarin Amurka yana buɗewa a watan Agusta ya rufe a Yuni, an raba shekarar gida biyu, saboda haka hutun yaro ba zai zo daidai da na 'yan uwansa da suke makarantun gida ba. Tsarin Ingila yana da zango uku daga Satumba zuwa Yuli da hutun rabin zango a tsakiyar kowanne, wanda ya yi kusa da abin da aka saba a Najeriya, kuma wannan sauƙi ne babba ga gidan da yara suke makarantu daban-daban. Tsarin Faransa yana yin kimanin mako bakwai na karatu a bi shi da hutun mako biyu, abin da yake hutar da yaro amma yake ɗaure wa iyaye ma'aikata kai. Ranakun Salla hutu ne na ƙasa, kowa yana rufewa, amma kwana biyu ko uku ne kawai, kuma iyalin da ya saba tafiya gida ya yi mako guda don hawan Salla da gaishe-gaishe zai tarar an rubuta wa yaro fashi. Azumi kuwa a 'yan shekarun nan yana faɗowa tsakanin Fabrairu da Afrilu, daidai lokacin gwaji da bitar manyan jarrabawoyin Mayu da Yuni. A 2025 gwamnatocin Kano, Katsina, Bauchi da Kebbi sun rufe makarantu a watan azumi, amma makarantar da take bin jadawalin Cambridge, hukumar jarrabawa ta Ingila, ko na Faransa a Abuja ba ta da wannan zaɓi. Abin da za a tambaya shi ne ko ana sassauta wa mai azumi darasin motsa jiki, kuma ko akwai inda zai zauna lokacin da abokansa suke cin abincin rana.

Abin da kowane tsari yake ɗora wa iyaye a gida shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. Makarantar Amurka tana ɗaukar iyaye a matsayin abokan aiki na kullum, kuma da gaske take nufi. Saƙonnin imel suna zuwa kusan kowace rana, akwai manhajar intanet da ake ganin maki da aikin da yaro bai miƙa ba, akwai ganawar iyaye da malamai wadda a wasu lokuta yaron ne da kansa yake jagoranta, yana bayyana abin da ya iya da inda ya gaza. Ana neman masu sa kai su karanta wa ƙananan yara labari, su raka aji yawon buɗe ido, su shirya rumfar ƙasarsu a ranar al'adu. Yawancin waɗannan tarurruka da safe ake yi a ranakun aiki, domin an gina al'adar ne a kan iyalan jakadanci da ɗaya daga cikin ma'auratan ba ya zuwa ofis. Gidan da uba yake tafiye-tafiye, uwa take aiki ko kasuwanci, direba ne kuma yake kai yara ya ɗauko su, zai ga cewa makaranta ba ta karɓar direba ko mai aiki a madadin iyaye. Yaro yana lura da wannan. Ranar da iyayen kowa suka zo ganin aikin da aka baje, nasa kuwa babu kowa, ba ya mantawa, ko da kuɗin makarantarsa an biya shi tun farkon shekara.

Tsarin Ingila a Najeriya ya fi sanin halin iyayenmu, domin mafi yawan ɗalibansa 'yan ƙasa ne. Akwai yunifom, akwai shugabannin ɗalibai, akwai rabon yara gida-gida da gasar wasanni ta shekara, akwai ranar rabon kyaututtuka, duk abubuwan da uban da ya yi Barewa ko Rumfa ko wata kwalejin gwamnatin tarayya zai gane nan take. Tarurrukan iyaye sau da yawa ana sa su ranar Asabar ko da yamma, labarai kuma suna yawo ta dandalin WhatsApp na aji. Nauyin da yake kan gida shi ne sa ido a kan aikin gida, wanda yake ƙaruwa sosai daga aji na 10, da kuma malaman lesin da iyaye da yawa suke ƙarawa. Wasu daga cikin makarantun suna da sashen kwana, wanda yake rage wahalar hanya amma yake mayar da shigar iyaye zuwa ranar ziyara da kiran waya. Tsarin Faransa shi ne ya fi ja layi tsakanin gida da aji: malami gwani ne a fanninsa, iyaye ba sa shiga aji sai da alƙawari, maki a kan 20 ake bayarwa ba tare da lallashi ba, kuma yaron da ya samu 14 ya yi ƙoƙari ƙwarai, abin da uban da ya saba ganin 90 cikin 100 yake buƙatar a fahimtar da shi kafin ya yi wa yaro faɗa a banza.

Akwai wani abu da ya shafi gidajenmu musamman, wanda ba a cika faɗarsa ba. Sau da yawa lambar waya da imel ɗin uba kaɗai ake rubutawa a takardar shiga, alhali uwa ce take ganin yaro idan ya dawo, ita take sanin ranar da ya ƙi cin abinci ko ya daina ambaton wani aboki. Saƙon makaranta sai ya kwana a wayar maigida yana Legas ko Dubai, ita kuwa ba ta san an kira taro ba. Dole ne a rubuta sunanta da lambarta, a sa ta a kowane dandali, kuma idan Turancinta bai kai ba a tambayi makaranta ko za ta yarda a zo da mai fassara ko a haɗa ta da malamin da yake jin Hausa. Yadda makaranta ta karɓi wannan buƙata yana nuna irin mutuncin da za ta ba iyalin gaba ɗaya.

Batun addini da tarbiyya ba a barinsa ga zato. Makarantun Amurka da na Faransa ba sa koyar da addini a matsayin ibada, yayin da makarantun tsarin Ingila da dama a Abuja, musamman masu haɗawa da manhajar Najeriya, suke koyar da ilimin addinin Musulunci da na Kirista. A Faransa dokar 2004 ta hana sanya alamomin addini masu bayyana a makarantun gwamnati, don haka uban 'ya mace mai sa hijabi ya karanta dokokin cikin gida na makarantar da ke nan kafin ya yanke shawara. A ko'ina ne ma ya dace a tambayi wurin salla, fita masallaci ranar Juma'a, inda ake sayo naman da ake dafawa, kayan ninƙaya na 'yan mata, tafiye-tafiyen da ake kwana, da abin da ake koyarwa game da balaga da zamantakewar jinsi, a wane aji, kuma ko ana sanar da iyaye tun kafin lokaci. Dukkan tsare-tsaren uku sun haramta bugun yara, suna kuma da ƙa'idojin kare yara masu tsauri, har yaron da ya zo da shatar bulala daga gida yana iya sa a kira iyayensa ofis. Wanda ba zai iya zama da wannan ba gara ya sani tun da wuri. Haka nan yaran, musamman a tsarin Amurka, ana koya musu su yi tambaya, su kalli babba ido cikin ido, su faɗi ra'ayinsu, kuma abin da malami yake yabawa a aji kaka tana iya ganinsa rashin kunya a Katsina. Gyaran wannan aikin gida ne: yaro yana iya koyon muhawara a makaranta ya kuma durƙusa ya gaida manya da Hausa mai kyau, muddin ana yi masa magana da Hausar a gida ba a bar ta ga masu aiki kaɗai ba.

Jarrabawar ƙarshe tana da alaƙa da duk wannan ta hanyar da iyaye suke gano ta a makare. Tsarin Ingila yana kai yaro jarrabawar IGCSE, kwatankwacin WAEC, a aji na 11 yana ɗan shekara 16, sannan A Level na shekara biyu. Tsarin Amurka yana ba da takardar kammala aji na 12 da matsakaicin makin shekaru huɗu, tare da darussan AP masu zurfi irin na matakin jami'a da ake auna su daga 1 zuwa 5, da kuma SAT, jarrabawar neman shiga jami'a a Amurka. Tsarin Faransa yana ƙarewa da bakaloriya, wato jarrabawar kammala sakandare ta ƙasar. Mai son ɗansa ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello ko Bayero ko Jami'ar Abuja ta hanyar da aka saba yana buƙatar kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, da jarrabawar JAMB, kuma yaron ya kai shekara 16. Makarantun tsarin Ingila da yawa suna shirya ɗalibansu su rubuta WAEC ko NECO tare da na Cambridge, sauran biyun kuwa ba don wannan aka gina su ba, sai iyaye su nemi hanyar rubutawa a waje da kansu. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma inda yaro zai yi jami'a tambaya ce ta ranar shiga aji ɗaya na sakandare, domin naira da take kusan 460 a dala ɗaya a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma iyalai da yawa da suka ɗauka karatun jami'a a waje tabbas ne sun koma neman gurbi a gida. Wannan faɗuwar ta shafi kuɗin makarantar kanta inda ake lissafa shi da dala ko yuro, ban da kuɗin rajista da na gine-gine da galibi ba a mayarwa, da sharaɗin ba da sanarwar zango guda kafin a cire yaro.

Ra'ayina shi ne iyalin da yake zaune a Najeriya, mai albashi ko kasuwanci da naira, wanda iyayen duka suke fita aiki, ya fi samun natsuwa a makarantar tsarin Ingila mai haɗawa da WAEC, da sharaɗin ya binciki mai makarantar kamar yadda zai binciki wanda zai ba amanar dukiya. Tsarin Amurka ya dace da ma'aikacin jakadanci ko na ƙungiyar ƙasa da ƙasa da ake sauya wa wurin aiki kowace shekara biyu ko uku, wanda ofishinsa yake biyan kuɗin, kuma ɗaya daga cikin iyayen yake da lokacin zuwa makaranta da rana. Amma ya sani cewa abokan ɗansa da malamansa ma masu tafiya ne, kuma yaro zai yi bankwana da aminai kusan kowane watan Yuni. Tsarin Faransa ya fi dacewa da gidan da ake jin Faransanci, ko wanda zai fara tun yaro yana shekara uku a ajin rainon yara, domin shiga a tsakiyar firamare ba tare da harshen ba wahala ce ga yaro da iyayensa.

Kafin a sa hannu a kowace takarda, iyaye biyun su je tare a ranar karatu, ba ranar baje koli da aka share ko'ina ba, su tsaya bakin ƙofa lokacin tashi su ga yadda ake miƙa yara da wanda ake miƙa wa. Su nemi kalandar shekara da jadawalin mako na ajin da yaron zai shiga, su ajiye su kusa da lokutan aikinsu da na Islamiyya. Su kuma roƙi a nuna musu bayanin zaman PTA ko na kwamiti na baya-bayan nan, su duba ƙorafin da iyaye suka kawo a bara da abin da aka yi a kansa, sannan su nemi lambar iyali ɗaya ko biyu masu irin addininsu da harshensu da suka shekara uku a makarantar, su kira su ba tare da wani ma'aikacin makarantar yana wurin ba.